Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: yabo ne ko zagi?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum. A raba mana gardama don Allah. Jiya a wurin aikinmu aka yi cacar baki tsakanin wani yaro sabon ɗauka a sashen kuɗi da wani dattijo da ya kusa ritaya. Dattijon ya kawo takardar kuɗin da ya kashe a tafiyar aiki, yaron ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga rasit na kowane abu. Dattijo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ba laifinka ba ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Yaro ya miƙe jiki na rawa, wai an zagi iyayensa. Da aka zo sulhu dattijon ya rantse yabo ya yi, ya ce ya san mahaifin yaron, akawu ne da har ya bar aiki ba a taɓa kama shi da kwabo ba. Yanzu ofis ya rabu biyu. Ku me kuka gani?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Zagi ne, kar ma a wahalar da mu. Tun da nake ban taɓa jin an faɗi wannan magana fuska a sake ba. Mai niyyar yabo cewa zai yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma wa ya taɓa fara yabo da "ba laifinka ba ne"? Baba dai ya ga za a kai shi gaban oga ne ya juya harshe.

Kawu Mai Ritaya:
Maman Ilham, a yi wa dattawa adalci. Maganar ba yabo ba ce ba zagi ba, bayani ne. Mutum ba ya zaɓar inda zai buɗe ido, kuma abin da ya fara gani shi yake ɗauka cewa haka duniya take. Ku dubi Aliko Ɗangote. An haife shi 1957, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, ya tashi a hannun kakansa Sanusi Ɗantata. Shi da bakinsa ya ce tun yana firamare yake sayo alewa yana sayar wa 'yan ajinsu. Yaron da ya tashi kullum yana jin ana maganar riba da faɗuwa a tsakar gida, me kuke so ya zama?

Talaka Bawan Allah:
Kawu, ka manta ka faɗa mana cewa jari ma yana cikin kukan. Ni ma na sayar da alewa a firamare, ga ni nan da rancen data nake rubuta wannan.

Ɗalibin Ilimi:
Akwai asali ga abin da Kawu ya faɗa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haifarsa, iyayensa ne ke juya shi. Amma kar a mayar da ita hukunci. Annabi Musa a gidan Fir'auna ya tashi, ɗan Annabi Nuhu kuma a gidan annabta ya tashi, kowa ya san ƙarshen kowannensu. Sannan ga Imam Shafi'i: an haife shi a Gaza shekara ta 150 bayan hijira, maraya, mahaifiyarsa ta kai shi Makka yana ɗan shekara biyu, ya zauna cikin ƙabilar Huzailu don Larabcinsa ya nuna, ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina, da ya koma Masar kuma ya sauya fatawoyi da dama da ya bayar a Iraƙi. To wanne ne gidansu a cikin waɗannan?

Malamin Kimiyya:
Allah ya gafarta Malam, bari in shigo ta ɓangaren tsuntsayen, tun da su ake ta ambata ba a tambaye su ba. Ba duka ba ne ke koyon kuka. Zakara da kurciya da nasu ake ƙyanƙyashe su, ko ka raba ƙwai da uwarsa, in ya girma cara zai yi. Amma masu rera waƙa koya suke yi. Wani masani ɗan Ingila, Peter Marler, ya bi wasu ƙananan tsuntsaye a Kalifoniya a shekarun 1960, ya tarar jinsi ɗaya ne amma kowane yanki da karin kukansa, kuma a makonnin farko na rayuwa ɗan tsuntsun yake ɗauka. Wanda ya fi ba ni mamaki a Afirka yake. Wani ɗan baƙin tsuntsu ne mai sheƙi wanda ba ya yin sheƙa, uwar takan saka ƙwanta a sheƙar wani ɗan jan tsuntsu, su ƙyanƙyashe su ciyar. In namijin ya girma, kukan waɗanda suka riƙe shi yake kwaikwayo, ita ma macen mai irin kukan gidan da ta tashi take nema.

Talaka Bawan Allah:
Malam, wannan baƙin tsuntsun na san shi, muna da su a majalisa. Bara kukan wata sheƙar yake, bana ya sauya sheƙa ya koyi sabo cikin kwana biyu. Duk inda tsaba take nan ne gidansu.

Anti Ummi:
Ni duk lokacin da na ji wannan karin maganar kakata nake tunawa, Allah ya jiƙanta, Inna muke ce mata. Mijinta tela ne, ya rasu ya bar ta da tagwaye 'yan ƙanana da keken ɗinki Singer mai ƙafa. Wanta ya zo ta'aziyya, bakanike ne a wani gari mai nisa inda ko yarenmu ba a ji, ya ce a ba shi ɗaya ya rage mata nauyi. Ta ba shi Husaini, ta riƙe Hassan, shi ne babana.

Inna ba ta iya ɗinki ba. Amma lokaci-lokaci sai ta yaye tsohon zanen da ta lulluɓe keken da shi, ta tsoma gashin kaza a kwalbar mai, ta bi duk wata gaɓa tana ɗigawa, ta taka shi kaɗan ta saurari ƙararsa, ta mayar da zane. An shiga yunwa, an yi jinya, masu saye sun zo har gida, ta ce na Hassan ne. Shi kuwa babana in akwai abin da ya tsana a duniya to keken nan ne. Ta kai shi wurin wani abokin mahaifinsa koyon ɗinki, allura ta huda masa yatsa ta fito ta farce, ya gudu bai sake komawa ba. Malamin makaranta ya zama. Har ya yi ritaya in maɓallin rigarsa ya tsinke mamarmu ke sa masa. Ina zuwa, yara sun dawo.

Maman Ilham:
Haba Anti Ummi, a nan za ki bar mu?

Sarkin Gardama:
Kafin ta dawo. Ni abin da ke damuna da irin waɗannan maganganun, da su ake rufe wa mutane ƙofa. Yaro ya zo neman aiki, maimakon a duba takardunsa sai a tambayi ɗan ina ne, ɗan wa ne. In aka ji sunan unguwarsu sai a ce ai mun san kukansu. Sadio Mané a ƙauyen Bambali ya tashi, a kudancin Senegal, mahaifinsa liman ne, gida ba a son ya yi ƙwallo, sai da ya gudu Dakar yana ɗan shekara 15. Da ya tsaya kukan gidansu da wa zai san shi?

Kawu Mai Ritaya:
Ɗana, ka ƙarasa labarin mana. Da ya samu, ina ya kai? Makaranta da asibiti ya gina a Bambalin nan. Wannan tarbiyyar a Liverpool ya koyo ta?

Anti Ummi:
Na dawo. Husaini bai sake taka gida ba sai da ya zama magidanci, ya zo da yarensa a karye, gaisuwa ma da ƙyar. Kowa ya ɗauka bakanike ne kamar kawunsa. Ashe a garejin akwai wani tsoho mai ɗinkin kujerun mota, tun yana yaro da an aike shi sai ya maƙale a wurinsa. Kawu ya yi duka ya gaji ya ƙyale shi. Lokacin da ya zo mana yana da rumfarsa da yara masu koyo a ƙarƙashinsa.

Washegarin zuwansa ya ga abu a lulluɓe a ɗakin Inna, ya yaye zanen. Bai ce komai ba, ya zauna ya taka, ya karkata kai yana sauraro, ya ce igiyar ta saki. Ya ciro ta ya rage tsawonta ya mayar, ya sa zare, ya ja tsumma ya yi layi ɗaya. Da ya gama sai ya kai zaren gefen baki ya tsinke shi da haƙori, ga almakashi a gabansa bai taɓa ba. Inna tana bakin ƙofa. Ta ce haka mahaifinsu yake yi, gefen hagu, har karkata kan. Ta faɗi wannan karin maganar ta shige ɗaki, ranar ba ta sake fitowa ba.

Maman Ilham:
Allahu akbar. Tsigar jikina ta tashi.

Kawu Mai Ritaya:
To a ina gardama ta saura? Ɗan na gada ya fi ɗan na koya.

Anti Ummi:
Kawu, a gidanmu ma ba ta ƙare ba. Goggonmu cewa take babu wani jini, yaron ya yi wayo kafin a tafi da shi, a ƙarƙashin keken nan yake wasa yana tsintar ƙyalle, idonsa ne ya riƙe. Shi Baffa Husaini da muka tambaye shi dariya ya yi, ya ce tsohon nan kullum yana ba yaransa ɗan abin kashewa, kawu kuwa ko sisi, ga baƙin mai har cikin farce, shi ya sa ya koma can. Ya ce duk mai ɗinki da haƙori yake tsinke zare.

Wanda abin ya ci shi ne babana. Shi ya zauna da ita, shi ya yi jinyarta, albashinsa ne ya riƙe gidan, amma in baƙi suka zo sai ta nuna shi ta ce wannan albasa ce, ba ta yi halin ruwa ba. Wata rana ya gaji ya ce mata, "Inna, mahaifinki ba malami ba ne? Ba almajirai ne cike da zaurensa ba? Ni ma kukan gida nake yi, gidan ne ba ki duba ba." Ta yi shiru can ta ce ai ba da alli yake koyarwa ba.

Kuma ku sani, Inna ba ma'ana ɗaya take ba maganar ba. In jika ya ci jarrabawa, kukan gidanta ne. In ya fasa kofi, kukan gidan su uwarsa ne.

Talaka Bawan Allah:
Inna ta cancanci kujerar kakakin gwamnati. In an yi titi aikinmu ne, in gada ta karye gwamnatin baya ce.

Dokta Mai Lissafi:
Allah ya jiƙan Inna. Ina so in ja hankali kan abin da muke tsallakewa: muna ta maganar iyaye, mun bar unguwa. A shekarun 1990 gwamnatin Amurka ta yi wani shiri a birane biyar, aka yi ƙuri'a aka ba wasu iyalai matalauta tallafin haya su koma unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Raj Chetty na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka bi sawun yaran bayan sun girma, suka fitar da sakamako a 2015. Waɗanda aka ƙaura da su kafin su kai shekara 13 sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kusan kashi 31 cikin 100. Waɗanda suka ƙaura bayan sun wuce haka ba su ci ribar komai ba. Iyayen dai su ne, jinin shi ne, abin da ya sauya maƙwabta ne da makaranta da abokan wasa.

Sarkin Gardama:
Wato zama da maɗaukin kanwa. Dokta, Amurkawa sun kashe kuɗi sun gano abin da Inna ta sani kyauta.

Maman Ilham:
Inna ba ta san wannan ba, ita jini ta riƙe. Goggo ce ta sani.

Baban Hanif:
Jama'a, ni fa har yanzu ba a ba ni amsa ba.

Talaka Bawan Allah:
Ka yi haƙuri Baban Hanif, mu ma tun zaɓen da ya wuce muke jiran amsa. Namu tsuntsun ba ya tuna gidansu sai shekara ta huɗu. Sai ka gan shi ya sauka da jerin motoci, ya durƙusa gaban tsofaffi, ya tuno sunan malaminsa na aji ɗaya, har da hawaye. Makarantar da ya yi kuwa rufinta yana can gonar maƙwabta tun iskar bara.

Ɗalibin Ilimi:
A kiyaye harshe dai. Anti Ummi, tambaya nake da ita. Keken nan dukiyar mamaci ne, kuma 'ya'yansa biyu ne maza. Da Inna take cewa na Hassan ne, an raba gado ne ya faɗo a rabonsa, ko faɗa kawai take yi?

Anti Ummi:
Malam, kar ka tono mana wata. Baffa Husaini ya so tafiya da shi, babana ya ce keken da aka hana sayarwa saboda shi ba inda za shi. Mutumin da ko zare bai iya sawa ba! Shekaru suka yi ba sa doguwar magana a kan haka. Yanzu yana ɗakin ƙanena, ya ɗora talabijin a kai.

Malamin Kimiyya:
Anti, in Singer ne na asali mai baƙin fenti da zanen ruwan zinare, ki duba lambar da ke jikin gindinsa ta dama, da ita ake gane shekarar da aka ƙera shi. Kuma a sauke talabijin ɗin nan don Allah.

Talaka Bawan Allah:
A bar talabijin inda yake, dama babu wuta.