Sikeli ya ce Baba bai rame ba, amma hularsa ta yi masa yawa

Autar Baba:

Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan asibiti da waɗanda suka taɓa jinya, ku ba ni haske. Mahaifinmu yana da shekara 67, wata biyar ke nan da aka tabbatar masa da ciwon dajin hanta, kuma likita ya ce ya yi nisa. Duk zuwanmu asibiti sai an ɗora shi a sikeli: kilo 62 kafin azumi, kilo 61 makon jiya. Yayanmu sai ya ce alhamdu lillahi, jiki yana riƙe. Ni kuwa da nake wuni da shi, abin da nake gani daban ne. Hular da ya fi shekara goma yana sawa, yanzu har kunne take sauka. Agogonsa yana zamewa. Buta cike da ruwa sai ya sa hannu biyu. Tun bayan ƙaramar Sallah a zaune yake salla, don in ya yi sujada ba ya iya miƙewa. Cikin ne kaɗai ke ƙara girma, ƙafafu kuma sun kumbura. Yaya ake gane tsoka ce ke zaizayewa alhali nauyi bai sauka ba? Ko tsoro ne ya sa nake ganin abin da babu?

Nas, ɗakin masu ciwon daji:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya. Idonki ya fi sikelin gaskiya. Sikeli bai san tsoka ba, bai san ruwa ba, duk abin da aka ɗora masa yake ƙirgawa. Lita ɗaya ta ruwa kusan kilo ɗaya ce, ciwon hanta kuwa yakan tara lita da yawa a ciki. Mutum zai iya rasa kilo 5 na nama, ruwa ya cike gurbin.

A 2011 ƙwararrun ƙasashe suka amince cewa mai ciwon daji da ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ya shiga ramar da ciwon daji ke jawowa. Amma irin Baba ma'aunin nan ba ya kama shi, sai a koma ga jiki. Ki duba gefen goshinsa, tsakanin ido da kunne, ko ya loma. Wataƙila abin da ya sa hular ta yi yawa ke nan. Ki duba naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, da kafaɗa ko ƙashi ya fito ya yi tsini, da cinya daga saman gwiwa.

Ki sami tef ɗin tela ki auna tsakiyar damtsensa, rabin tazarar kafaɗa da gwiwar hannu, hannu ɗaya kullum, duk sati ki rubuta. Ana auna sharaɓa ma, ƙasa da santimita 31 alama ce, sai dai kumburin ƙafarsa zai ɓata lissafin. Sannan ki sa shi ya tashi daga kujera sau biyar, hannu a ƙirji, kina tsaye kusa. Ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfi ya ragu. A asibiti akwai ɗan ƙarfen da ake matsewa a gwada ƙarfin riƙo: ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, rauni ne.

In an taɓa yi masa hoton CT na ciki, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, a cikinsa ma ana iya auna tsoka, daidai gaɓa ta uku ta ƙashin bayan ƙugu, ba sai an biya wani sabo ba. Ki tambayi likitansa, domin mai ƙarancin tsoka ya fi jigata da maganin ciwon daji. Ku 'ya'yansa kuma ku je a gwada ku cutar hanta nau'in B, ita ce kan gaba wajen jawo wannan ciwo a ƙasarmu.

Maman Hanifa:

Allah ya ba Baba lafiya. Mahaifiyata ciwon dajin nono ta yi, kuma mace ce mai jiki, don haka babu wanda ya lura. Masu zuwa dubiya har cewa suke jiki ya yi kyau, alhali taɓarya ta gagare ta, tsuguno a bayi sai an ɗaga ta. Kitsen yana nan, naman da ke ƙarƙashi ne ya tafi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda muka matsa mata da abinci. Tuwo malmala biyu, muna tsaye a kanta, tana kuka muna faɗa. Daga baya likita ya zaunar da mu ya ce wannan ba ramar yunwa ba ce, ciwon ne ke sa jiki yana cin naman kansa, kuma abinci kaɗai ba ya mayar da shi duka. Sai muka koma kaɗan-kaɗan: ƙwai ɗaya, kunun gyaɗa da madara, fura da nono rabin kofi, alale, lokacin da ranta ya so. Ta fi ci a haka, gidan ma ya fi zaman lafiya.

Autar Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ari tef a wurin maƙwabciyarmu na auna damtsen, santimita 22, na rubuta a bayan katin asibiti da kwanan wata. Kujera kuwa sau biyu ya tashi, na uku sai da ya dafa ni. Na nuna wa Yaya gefen goshin Baba, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Anti Maman Hanifa, maganarki ta taɓa ni, don ko da safen nan sai da na yi masa ƙorafi a kan koko. Ranar Talata za mu koma, hoton CT ɗin yana cikin jakata, zan kai wa likita tare da abin da na rubuta.