Shin da gaske Lugu ta ci Nasara da yaƙi a 1899?

Malamin lakwal, Tawa:
Assalamu alaikum. Jiya a wajen zaman makoki na ji ana cewa Sarauniya Mangu ta Lugu, wani gari a yankin Arewa na ƙasar Dogonduci a Nijar, ta ci Nasara da yaƙi, kuma haka ɗalibaina suke faɗa a aji. Ni ban gamsu ba. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, mutanen garin suka tare ta da kwari da baka, da wuta ta yi yawa suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. A watan Mayu rundunar nan ta yi wa Birnin Kwanni kisan da har yau ake jimaminsa. Wanda aka ci da yaƙi ba ya wucewa gaba ya hallaka birni.

Hajiya, 'yar Arewa mazauniyar Yamai:
Wa alaikumus salam. Malam, da mudun soja ka auna, shi ya sa awonka bai cika ba. Abin da Nasara suke nema a kowane gari shi ne hatsi, da 'yan dako, da shugaban da zai durƙusa a gabansu, amma Sarauniya ba ta shiga hannunsu ba, ba ta kuma yi musu mubaya'a ba. Bayan wata uku, a Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb na sojan Faransa a Ɗankori, sannan sojojinsu suka juya suka kashe Voulet da Chanoine. Kakanninmu alhakin Lugu suke kiran wannan.

Malamin lakwal:
Hajiya, ina girmama maganar kakanni, sai dai sanadin yana nan a fili. Labarin ta'asarsu ne ya kai Faransa aka aiko Klobb ya karɓi ragamar rundunar, sojojin kuwa sun yi bore ne bayan Voulet ya ce ya rabu da Faransa, zai kafa daular kansa.

Dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, Tawa:
'Ya'yana, kun tsaya a kan yini guda kun bar shekara ɗari da ɗoriya. Sarauniya ba sunan mace ɗaya ba ne, sarauta ce, kuma bayan Mangu an ci gaba da naɗawa ta hanyar tarkama, wato a ɗauki gawar wadda ta rasu, ita za ta nuna magajiyarta. Ga Baura, shugaban addinin gargajiya, a garin Bagaji, ga dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara idan gaskiya ta ɓuya. Nasara sun ɗora mulkin yankin a hannun sarakunan Arewa, masu tattara haraji, suka bar Lugu a gefe, duk da haka ba su iya kashe sarautar ba. Ni Musulmi ne, ba na bin al'adar Azna, amma a nan nake ganin nasarar, idan akwai ta.

Ɗalibi a jami'ar Abdu Mumuni, Yamai:
Baba, a gafarce ni. Sunan Sarauniya ya bazu ne bayan littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, garin kansa kuwa ya ragu ƙwarai. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, maganar rijiya da aji da takardar haihuwa a Ɗankasari, hedkwatar ƙaramar hukumar da Lugu take ciki, ake yanke ta. Sarautar da ba ta da ta cewa a kan waɗannan, ta rayu ne ko ajiye ta aka yi?

Hajiya:
Ɗana, tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. In an tashi rubuta wa yara tarihin nan, a je Lugu a zauna da tsofaffin garin tun suna da rai, a ji yadda su suke kiran abin da ya faru a 1899. Malam, kai ke da aji, za ka kai ɗalibanka?