Ƙuna ta rufe, amma yarinya ta ƙi yarda a taɓa tabon: ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi.

Yarinya ce 'yar shekara 9, man tuyar ƙosai ya kwaro mata a wuya, ƙirji da hannun dama wata 4 da suka wuce. An yi dashen fata, ciwo ya rufe, amma tabon ya fara tasowa yana jan wuya. Ƙa'ida ita ce sa rigar matsi (riga mai matse tabo don kada ya taso) awa 23 a yini, murza tabon da man kaɗanya sau 3, da miƙar da wuyan. Nan aka cije. Da ta hango rigar sai jikinta ya hau ɓari, ta ƙanƙame zanen uwarta. Ƙaurin tuya daga maƙwabta ma korar ta ɗaki yake yi. Tana firgita cikin barci, fitsarin kwance ya dawo, makaranta kuwa ta daina zuwa tunda yara suka laƙaba mata suna. A gwajin CRIES-8, wato tambayoyi 8 na auna firgicin yara bayan mummunan lamari, ta sami maki 24, alhali daga 17 ake zargin raunin firgici, wato tsoron da ya ƙi barin mutum bayan abin ya wuce.

An gwada farasitamol minti 30 kafin murzawa, da maganin ƙaiƙayi da dare. Barci ya ɗan gyaru, tsoron bai motsa ba, don ba zafi ne tushensa ba. A gida danne ta suke yi, wanda a ganina dawo mata da ranar wankin ciwo kawai yake yi.

Shin a sassauta rigar zuwa 'yan awoyi, ana ƙarawa a hankali, ko wuyan zai ƙage kafin nan? Kuma inda likitan ƙwaƙwalwar yara ya yi nisa, wane mataki za a koya wa uwar ta fara da shi? Ita ma kullum laifin kanta take gani.