Metiron ta haɗa ni da sababbin nas, ni kuma gabana faɗuwa yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. A ɗakin yara nake aiki, a wani asibitin gwamnati. Manyan da muka tarar duk sun watse, wasu Ingila, wasu Saudiyya, shi ne metiron, wato shugabar nas-nas ɗinmu, ta haɗa ni da sababbi biyu in riƙa nuna musu aiki. Ɗaya mai digiri ce, ni kuwa makarantar jinya ta shekara 3 na yi. In ta jefo min tambayar littafi a gaban iyayen yara sai bakina ya mutu. Ga shi ni ma takardun fita nake haɗawa. Ya zan ja ragamar wasu a wurin da nake neman bari?

Metiron mai ritaya: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba don haddar littafi aka zaɓe ki ba. In an kawo yaron da gudawa ta tsotse, jijiya ta ɓuya, uwa tana kuka, wa ake kira ya sa kanula, wato robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa? Wannan hannun ne mai digirin ba ta da shi tukuna. Abin da ba ki sani ba ki ce "bari mu gama zagaye mu duba", kuma ku duba ɗin. Sai dai ki ja ta gefe ki faɗa mata ba a kan gadon majiyyaci ake irin wannan tambaya ba. Ke ma kada ki yi musu tsawa a gaban masu jinya. Mu an yi mana, ba ta ƙara mana komai ba sai ɓoye kuskure.

Nas daga sashen gaggawa: Sista, fara da jadawali. Kina dare suna safe, ai horon na baka ne kawai. Ki roƙa a sa ku tare, a rage miki gadaje. Lissafin maganin yara bisa nauyi kuwa, kada ki sakar musu sai kin gani da idonki.

Wata ungozoma: Ni ban ga laifin fita ba. Ko a 2024 da hukumar NMCN mai kula da aikin nas da ungozoma a Najeriya ta ce sai an yi shekara 2 ana aiki kafin ta tantance takardun masu fita, ai zanga-zanga aka yi a Abuja da Legas. Amma wallahi ba albashi ya riƙe ni ba. Ranar da wani likita ya ɗora min laifin da ba nawa ba, sistar da ta raine ni ce ta ɗauko fayil ta tsaya min. Ki yi musu haka ko wata nawa ya rage miki.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Gobe zan samu metiron kan jadawalin. To Mama, in gaya musu ina shirin tafiya ko in yi shiru?

Metiron mai ritaya: Bari takardu su fito. Metiron za ki fara sanarwa, sannan sababbin nas ɗin, kada su ji a bakin wani.