"Hanyar lafiya a bi ta da shekara": har da motar da ba ta tashi ba?

Baƙon Gari: Jama'a ku raba mu gardama. Tun safe mota na tsaye a tasha ana jiran mutum ɗaya ta cika. Wani dattijo ya yi ƙorafi, sai yaron mota ya ce masa: "Baba, hanyar lafiya a bi ta da shekara." Saura ƙiris a ba hammata iska. Ni a ganina an ajiye maganar a inda ba wurinta ba. Motar da ba ta motsa ba, wace hanya ta bi?

Tsohon Direba: Yaron nan bai yi laifi ba. Kujera ɗaya babu kowa, daga aljihun direba za ta fita. Ku dai fasinja kuna son a tashi da wuri, a kuma yi gudu, in an faɗa rami ku ce ganganci.

Maman Biyu: Haba Malam! Maganar ai ta zaɓi ce, gajeriya mai haɗari ko doguwa mai lafiya. Wa ya ba fasinja zaɓi? Kuma rabin waɗanda ke zaune a ciki ba matafiya ba ne, an zaunar da su ne don ka ga kamar ta kusa cika. Kana biya sai ka ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

'Yar Auta: Kun tuna mini da kakata. Zamanin jirgi mai cin kwal, dole ya riƙa tsayawa shan ruwa. Ta sauka miƙe ƙafa, ta tsaya hira da wata mata, jirgi ya yi kuwwa ya tafi da ƙunshin kayanta. Ta kwana a tasha tana kuka. Washegari ta hau na biye. Ashe na farkon ya lalace a gaba, kuma layin dogon guda ɗaya ne, babu wurin wucewa, sai nasu ya tsaya a bayansa. Ta sauka, ta taka da ƙafa, ta tarar da ƙunshinta yadda ta bar shi, wani tsoho ya yi matashin kai da shi yana minshari. Har ta rasu ba ta yarda jirgin ne ya bar ta ba, cewa take ya jira ta.

Tsohon Direba: To kun ji. Sauri ya haifi nawa.

Maman Biyu: Wane sauri? Duka biyun fa a daji suka tsaya!

Ɗan Adawa: Masu yi mana alkawarin sabon jirgi duk lokacin zaɓe su ne suka fi kowa riƙe karin maganar nan. Su kam ba da shekara ba, da zango biyu suke bin ta.

Baƙon Gari: Don Allah kar a sako siyasa.

Ɗan Adawa: Ni ban kama suna ba. Wanda ya tsargu, shi ya sani.

Tsohon Direba: 'Yar Auta, tsohon ya ba ta kayan salin-alin, ko sai da ya nemi tukuici?