Musayar Waƙa: Bhaktapur, Birnin Jan Bulo

Baba Magini:
Bismillahi, 'ya'yana, yau zancena na gini,
Gabas da Katmandu, can Nepal, akwai birni,
Bhaktapur na ƙabilar Newar, jan bulo ya ba shi launi,
Haikalin Nyatapola hawa biyar, tsaye kamar tsauni,
Tun 1702 yake, uku ya ci na ƙarni.
Wa zai amsa mini?

Autan Zaure:
Baba, na amsa, Allah ya ƙara girma,
Bhupatindra Malla, sarki, shi ya kai shi sama,
Matakalarsa da masu gadi, hagu da dama,
'Yan kokawa a gindi, sai giwaye, zakuna kuma,
An ce kowane ya fi na ƙasansa ƙarfi sau goma.
Girgizar ƙasa ta 1934 ta zo ta yi ta fama,
Ta 2015 ta biyo, ita ma ta sallama.

'Yar Mai Tukwane:
Ƙanena, ka wasa sarki, ka tsallake masassaƙa,
Fadar nan mai taga 55, wa ya duƙa ya sassaƙa?
Tagar ɗawisu a tsohon gidan Pujari Math, katako ne kamar saƙa.
Kuma kar ka ce 2015 ta tafi haka,
Haikalin Vatsala na dutse ta zubar da shi duka,
Kusan mutum 9,000 Nepal ta rasa, aka sha kuka.

Autan Zaure:
Yaya, na karɓi gyara, bakina ya yi gaggawa,
Allah ya tsare mu da girgiza mai rushewa.

Baba Magini:
'Yata, kin faɗi gaskiya,
Addininsu daban da nawa, a kan aikin hannu na tsaya.
Bulon da suke ƙawata bango, faɗi a fuska, tsukakke ta baya,
Laka ta ɓuya a ciki, ruwan sama bai samun hanya.
Ni da na tsufa da cokalin gini, na san wannan da wuya.
Vatsala ma sun tashe shi, dutse bisa dutse, ya tsaya.

'Yar Mai Tukwane:
Baba, ni dandalin Talako ya fi kwanta mini a raina,
Inda har yau ake jera ɗanyun tukwane a rana.
Juju dhau, sarkin kindirmo, shi ne fassarar suna,
Ana dafa shi da madarar ɓauna,
A kaskon yumɓu ake zuba shi ya kwana,
Kasko ya tsotse ruwan, kauri ya zauna.
Auta, karɓi baiti, ka kai mu Ƙofar Zinariya ta fada ka nuna.