Sabbin jiragen layin Piccadilly: wa ya gan su ana gwaji?

Maman Biyu, Hounslow: Salamu alaikum 'yan'uwa mazauna Landan. Ranar Asabar an sake rufe wani yanki na layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly, sai bas na bi da yara biyu da ledojin cefane. An ce sabbin jirage ake gwadawa. Abin da ya ɗaure mini kai, jirgin da kamfanin Siemens ya ƙera takanas don wannan layin, me kuma ya rage a gwada?

Mai aikin dare: Wa alaikumus salam, Hajiya. A kan dogo nake aiki, bayan an kashe wuta. Tun 1906 aka buɗe layin nan, kuma faɗin ramin bai kai mita huɗu ba. Ranar da na fara shiga na ga ɗan tazarar da ke tsakanin jirgi da bango, sai da jikina ya yi sanyi. Ga wayoyi da bututu da aka yi ta liƙawa a bangon shekara da shekaru, ga dogon da aka sha canzawa. Tsohon jirgin, samfurin 1973, tarago shida ne. Sabon tara ne, ya kuma fi shi tsawo, huɗu daga ciki ma ba su da ƙafafu, a jikin maƙwabtansu suke rataye. To shan kwanarsu ba ɗaya ba ne. A kwana tsakiyar tarago kan matso ciki, bakinsa ya leƙa waje, sai an bi kowace kwana da kowane dakalin tasha an auna. An gwada sabon jirgin a filin gwajin jirage na Wildenrath ta Jamus, amma can babu ramin Landan.

Ɗan Acton: Ni na gan shi da idona wani dare, yana tafiya a hankali, fitilu a kunne, ba fasinja. Babu ƙofa tsakanin taragai, sai ka hango har can ƙarshe. An ce da na'urar sanyaya iska. Wanda ya taɓa shiga layin nan a watan Yuli ya san darajar wannan.

Tsohon ɗalibin Faransa: Hajiya, a yi haƙuri da rufewar. Ina Faransa a 2014 aka gano sabbin jiragen yankuna sun fi ƙarfin tsofaffin tashoshi a faɗi. Dakali wajen 1,300 aka ce sai an rage wa baki, kuɗin aikin kusan Yuro miliyan 50. Gara a gano tun kafin a ɗauki mutane.

Yaya daga Uxbridge: Ni damuwata tsayin dakali. Daga Rayners Lane zuwa wajenmu layin Metropolitan ma nan yake bi, jiragensa kuwa sun fi tsayi, shi ya sa shiga na Piccadilly sai ka taka ƙasa. Ina tura keken mahaifiyata, kullum gabana na faɗuwa a bakin ƙofa. Malam mai aikin dare, don Allah wannan ma yana cikin abin da ake aunawa?